Baba Tarihi da Gobarar Laburare

Ɗaliban jami'a ne suka laƙaba masa Baba Tarihi, sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma in ta so tsokanarsa da shi take kiransa. A wajen danginsa kuwa Auta ne, ko da furfura ta gama cinye masa kai.

Aikinsa kula da babban zauren taro na jami'ar. Shi ke riƙe da makullai, shi ke jera kujeru, shi ya san fankar da ke kuka da lasifikar da sai an buga mata tafin hannu take magana. Amma ba wannan ya sa aka san shi ba. Jami'ar tana da wata al'ada: a makon farko na shekarar karatu akan zaga da sababbin ɗalibai cikin harabar a ƙafa, a nuna musu ajin da aka fara karatu a ciki, da gonar gwajin da ta fitar da irin masarar da manoma ke yabo, da asibitin da ya yaye likitoci mata na farko a yankin. Zagayen yakan ƙare a tsohon laburare, inda aka ajiye wasu littattafai masu ƙonannun gefe a cikin akwatin gilashi. Malamai ba sa son yawon rana, shi kuwa Allah ya ba shi baki. A hankali zagayen ya koma hannunsa.

Labarin da ɗalibai suka fi so shi ne na gobarar. Jami'ar tana ƙarama a lokacin, ana cikin hutu, wuta ta tashi da rana tsaka daga wayar lantarki. Wani mai shara ya jiƙa buhu ya rufa a ka, ya yi ta shiga yana fitowa da littattafai a rungume har rufin ya fara zubowa. Wannan duk gaskiya ne. Mai sharar kuwa yayansa ne, wanda ake kira Dogo. Ranar da abin ya faru Auta yana cikin gari yana koyon gyaran babur, sai washegari ya ga yayan nasa a gadon asibiti, hannuwa biyu a naɗe kamar ganguna. Bayan an sallame shi, Dogon ne ya roƙa masa aiki a jami'ar.

Da farko yadda abin ya faru yake faɗa. Yakan ce yayana ne. Bayan rasuwar Dogo sai ya zama ni da yayana, don ya lura idanun yara sun fi buɗewa in mai labarin yana ciki. Wata shekara wata ɗaliba ta ga wani tabo a damtsensa, ta tambaya ko na gobarar ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai yi murmushi ya sauke hannun riga. Kafin shekara ta zagayo Dogo ya fita daga labarin gaba ɗaya. Waɗanda suka san gaskiya sun yi ritaya ko sun rasu, matar Dogo kuma ta koma wajen ɗanta a wata unguwa mai nisa. A gida bai taɓa ɗauko zancen ba. Shi kansa, in yana faɗa, har zafin wutar yakan ji a fuskarsa.

Da jami'ar ta cika shekara hamsin, magatakarda ya kira shi ofis ya ce za a karrama shi tare da manyan malamai da ɗaliban farko. Ya ce ai shi ƙaramin ma'aikaci ne, a bar shi da jera kujerunsa. Magatakarda ya yi dariya, ya ce irin wannan tawali'u ne ma ya sa suka zaɓe shi. Ya fito yana lallashin kansa cewa lambar yabon ta daɗewa a aiki ce kawai. A gida ma haka ya faɗa.

'Yarsa ta fari nas ce a asibitin jami'ar, kuma ita labarin gobarar a bakin ɗalibai ta ji shi, ta riƙe shi da alfahari, tana ganin mahaifinta ba mai son yabon kai ba ne shi ya sa ba ya faɗa a gida. Don ta faranta masa rai, ba ta gaya masa ba, ranar bikin ta je ta ɗauko matar Dogo a mota.

Yana zaune a kan dandamali cikin sabuwar riga, tsakanin wani farfesa da wata tsohuwar likita, sai ya hango matar Dogo. Ga ta can kusa da gaba, ta tsufa, ta rame, da sandarta a jingine a gwiwa, 'yarsa a gefenta tana ɗaga masa hannu. Ya duba ƙofar gefe, wadda makullinta ke aljihunsa, ya ga masu kyamara sun tare ta.

Mai gabatarwa ya zo kansa, ya ba da labarin yadda aka saba ji, ya ƙara gishiri. Ya ce ba don wannan bawan Allah ba, da jami'ar ta rasa tushenta. Sannan ya roƙe shi ya nuna wa jama'a tabon. Baba Tarihi ya miƙe a hankali. Ɗalibai suka fara kiran sunansa daga bayan zaure. Ya naɗe hannun rigar. Aka tashi tsaye ana tafi, shugaban jami'a ya rungume shi ya miƙa masa allon katako mai gogaggiyar tagulla. Matar Dogo ba ta tashi ba, ba ta kuma tafa ba. Kallonsa kawai take yi, irin kallon da ake yi wa mutum in ana son tuna inda aka san shi.

Bayan an watse ya yi niyyar ɓacewa ta bayan zaure, amma 'yarsa ta riga shi. Ta jawo shi har gindin wata bishiya inda ta zaunar da tsohuwar. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da kyau, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da can abokiyar wasansa ce, ba ta ganinsa ba ta ce masa malalacin miji ba. Yau ba ta yi wasa ba.

"Auta, miƙo hannun nan in gani."

Ya miƙa. Ta kama damtsen, ta kawo shi kusa da idonta, ta shafa tabon da babban yatsa.

"Wannan ai na salansar babur ne," in ji ta. "Ni na shafa maka magani, kana ihu kamar ana yanka ka."

"Yaya..." ya ce.

Ta saki hannun. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yayansa har ya koma ga Allah bai iya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa ba, ita ke ɓalla masa kowace safiya kafin ya fita, kuma bai taɓa bari a yi zancen a gaban baƙi ba. Ta ce ba ta zo karɓar komai ba, yarinyar nan ce ta ce ana bikin babanta. Daga nan ta juya ta ce wa 'yar tasa ƙafarta na ciwo, a mayar da ita gida.

'Yar ba ta dube shi ba. Ta taimaki tsohuwar ta miƙe, ta ɗauki jakarta, suka nufi mota a hankali. Ya bi su da allon a hammata har bakin titi, ba wanda ya ce masa ya shiga.

Matarsa ta so a rataye allon a falo. Ya ce bango yana da laima, ya tura shi bayan kabad. Da ta matsa da tambaya, 'yar ce ta gaya mata, a kicin, shi yana jin su daga ɗaki. Daga ranar matar ta daina kiransa Baba Tarihi.

Ya yi niyyar zuwa wajen magatakarda ya gyara zancen. Ya je har ƙofar ofishin fiye da sau ɗaya, ya gaisa da sakatare, ya tambayi lafiyar yara, ya juyo. Kafin ya samu ƙarfin zuciya littafin tarihin jami'ar ya fito, da hotonsa a ciki yana nuna damtse. Da sababbin ɗalibai suka zo, ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Aka ba wani matashin malami zagayen, shi kuma ya karanta labarin daga littafin, har ya nuna musu Baba Tarihi daga nesa yana sauke kujeru daga mota.

Ɗan Dogo ya ci gaba da zuwa gaishe shi kamar yadda ya saba, sai dai ba ya zama. 'Yarsa ta daɗe tana gaishe shi a taƙaice, daga baya ta sauko, amma ba ta ƙara gaya wa kowa a asibiti ita 'yar wane ce ba.

Yanzu ya yi ritaya. Ba ya bin hanyar jami'a in yana da wata. Kwanakin baya yana tashar mota wani mutum mai tumbi da gilashi ya riƙo hannunsa da murna, ya ce shi tsohon ɗalibi ne, yanzu injiniya. Ya jawo matarsa ya ce mata ga mutumin da yake ba ta labari, wanda ya shiga wuta saboda littattafai. Matar ta rusuna ta gaishe shi, ta ce Allah ya saka masa da alheri. Baba Tarihi ya duba ƙasa ya ce amin. Injiniyan ya nace sai ya rage masa hanya. Ya ce ya gode, akwai wanda yake jira. Ya tsaya a rana har motarsu ta fita daga tashar, sannan ya kama hanyar gida a ƙafa.