Tsawar da Na Yi a Tibiri

Jama'a, yau na yi tsawa a Tibiri, ko ɗigo bai sauka ba!

Kun san sana'ata, hayar lasifika. Da safe aka kira ni sallar roƙon ruwa, don gero ya fara ƙonewa. Babu wuta, na haɗa ampili, na'urar ƙara sauti, da batir. Limamin tsoho ne, ga azumin kwana uku, murya ba ta fita. Na maƙala mishi ɗan mikro a wuyan riga. Na baya suna ta "Ba mu ji!" Sai na murɗa maɓallin ƙarin sauti har ƙarshe. Ampili kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ya shiga ninka shi yake.

Ashe mikro ya zame cikin riga, ya kwanta kan cikin Malam!

Ana tsakiyar addu'a sai gurrrrr!

"Allahu Akbar, hadari!" in ji wani Alhaji. Kowa ya ɗaga kai. Sojan da ke gadin manyan baƙi har da cire hula, yana duba gabas. Wata ta ce, "Wayyo, shanyata!" ta ruga gida. Sama kuwa fes!

Gurrr, na biyu! Na kai hannu zan rage, Malam ya harare ni. Ya lalubo mikro ya ce:

"Jama'a, ku zauna. Ba sama ba ce, cikina ne. Shi ma roƙon yake, ku ce amin."

Wallahi ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta yau ba!