Randar da Ba Ta Shiga Ƙofa Ba

A gidanmu na Daura, can bayan rijiyar Kusugu, ba a kashe wutar murhu da zarar an kwashe tuwo. Kakata Iya Tasalla ce ta hana. Takan sa a janyo mata garwashin zuwa gaban tabarmarta, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo kusa da shi, mu kuma jikokinta mu kewaye ta, kowa da masararsa ta gashi ko gyaɗa, gwargwadon abin da gona ta kawo. Ni sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana, kuma wurin zamana sananne ne, jikin gwiwarta ta dama.

Ungozoma ce. Sau da yawa ana tsakiyar tatsuniya sai a yi sallama a zaure, a ce matar wane tana kan gwiwa. Sai ta yafa mayafi, ta ce mu riƙe mata wurin da ta tsaya. Washegari in ta ɗora, mukan kama ta ta sauya wani abu, mu yi ta gardama, ita kuwa ta ce tatsuniyarta ce, in ta ga dama ma ta sa wa kura ɗankwali.

Yadda take buɗewa ma nata ne ita kaɗai. Takan ce, "Wata tana bakin zaure." Mu amsa, "A ce ta shigo."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta mai ginin tukwane. Wani gari ne mai ganuwa, ƙofarsa ɗaya tak, ga ta da ƙunci, don an gina ta haka ne saboda kuraye da mahara. Wata mata daga ƙauye ta gina randa wadda ba a taɓa ganin irinta ba, ta ɗauko ta a ka za ta kai kasuwar garin. Da ta iso, sarkin ƙofa ya gwada faɗin randar da sandarsa, ya ce ba za ta shiga ba.

Iya takan kumbura murya a nan. "Ki ɓantare mata baki da kafaɗa, sai ta wuce." Sannan ta sirantar da ita. "In na ɓantare ta, me zan shigar? Tsingaro?"

Fatake suka ba matar shawara, ta bari sai sarkin ƙofa ya gyangyaɗa, a ɗaura wa randar igiya a tsallakar da ita ta kan ganuwa. Ta ce ba sato ta ta yi ba. Ta sauke ta a gindin wata tsamiya a wajen ƙofa, ta je rafi ta cika ta. Matafiya suka riƙa tsayawa suna shan ruwan sanyi. Mai fura ta ga ana taruwa ta kawo ƙwaryarta, mai ƙosai ta biyo, wanzami ya shimfiɗa buzu. A hankali mutanen cikin gari suka koma fitowa cin kasuwa a waje. Da sarki ya ga haka, sai ya sa aka ƙara ganuwa, aka zagaye tsamiyar da randar da matar duka.

Na ce, "Iya, sarkin ƙofar nan mugu ne, ko?"

Ta ce, "Aikinsa yake yi, Takwara. Ba don shi ba da kura ta kwashe irinku. Amma randar ma ba ta yi wa kowa laifi ba."

"Ta daɗe a waje?"

"Har furfura."

Yayana Nafi'u ya ce shi da ɓantarewa zai yi ya huta. Iya ta ce ai kuwa da yawa sun yi hakan, shi ya sa ba a ba da labarinsu.

Iya ta rasu ina sakandare. Bayan wasu shekaru na shiga kwaleji ina karanta Hausa. A shekarata ta biyu, malaminmu na adabi, Malam Sabi'u, ya ba mu aikin da ya ce zai fitar da mu duniya. Kowa zai rubuta shafi guda a kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a cikinsa, a kan wani abu ko wani mutum na ƙasar Daura. Ya ce makin kwas ɗin ya rataya ne a kan abu ɗaya, shafinka ya kai ƙarshen zango ba a goge shi ba.

Ban yi dogon tunani ba. Na rubuta Iya. Na ce jaruma ce, uwar unguwa, mai hannun albarka wadda ba a taɓa yin kamarta ba. Na ɗora shafin, na nuna wa mahaifina a waya, ya sa aka karanta wa ƙannensa.

Kafin mako ya zagayo aka liƙa wa shafin gargaɗi. Wani mai gyara na sa kai, da ban san ko a wane gari yake ba, ya rubuto cewa kundin ba wurin yabo ba ne, ba a ɗaukar ɓangare. Na ji zafi, amma da na sake karantawa na ga kirari na yi. Na cire jaruma, na cire albarka, na bar abin da ya faru kawai: inda aka haife ta, wadda ta koya mata aikin, unguwannin da take zuwa. Bai wadatar ba. Ya sake rubutowa, cikin ladabi kuwa, ya ce, "Ban ce ƙarya kike yi ba, malama. Amma a wane littafi ko jarida aka rubuta ta? Kuma ke jikarta ce, bai kamata a ce ke ce mai rubutawa ba." Na amsa masa cewa rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo, su ne shaidata, suna nan suna yawo. Ya ce kundin ba ya iya tambayar su. Aka goge shafin.

Ba ni kaɗai ba ce. Wanda ya rubuta makaɗin ƙauyensu an goge, wadda ta rubuta kasuwar awakin garinsu an goge. Aji ya rikice. Wasu suka koma ƙara layi ɗaya ko biyu a shafukan da tuni aka cika su. Ƙawata Binta ta ja ni gefe ta ce, "Ki ƙirƙiri sunan littafi mana, ki sa masa shafi da shekara. Wa zai zo Daura ya duba?" Ita haka ta yi, kuma nata ya tsaya. Na ce mata Iya ba ta buƙatar a shigar da ita da ƙarya.

Ranar lakca ta gaba na ɗaga hannu. Na ce, "Malam, Allah ya gafarta, kai ne malaminmu ko wanda ya goge? Bai san mu ba, bai san aiki aka ba mu ba. Dokar gidansu yake bi. Yaya za a ce shi ne mai ba mu maki?"

Malam Sabi'u bai yi fushi ba, amma bai sauko ba. Ya ce, "Tasalla, sharaɗi ɗaya na sa wa kowa. Ki sauya batu, akwai sauran lokaci. Ki ɗauki abin da aka riga aka rubuta."

Na ce, "Abin da aka riga aka rubuta ba ya buƙatata, Malam."

Na miƙa masa rubutun Iya a takarda, yadda yake. Ya ba ni makin faɗuwa. Maimaita kwas ɗin ya ja mini ƙarin zango, sa'o'ina suka gama suka bar ni. Mahaifina ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Nafi'u ya ce taurin kai ne kawai, kuma ban musa ba.

A wannan ƙarin zangon na fara bin tsofaffin unguwa da wayata ina naɗar muryarsu. Na fara da matan da Iya ta karɓi haihuwarsu, sai suka tura ni wurin wasu ungozomomin da ke da sauran numfashi, su kuma suka tura ni ƙauyuka. Wata ta kore ni, ta ce asirin mata ba na waya ba ne. Na koma da goro, ta sake kora ta, daga baya ita da kanta ta aiko a kira ni. Wani gidan rediyo ya sa wasu daga cikin hirarrakin. Malam Sabi'u ne, ba tare da na roƙe shi ba, ya kai wani ɓangare aka buga a mujallar sashenmu. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na yi ba.

Har yau babu shafin Iya a kundin nan, kuma ban sake gwadawa ba. Ina yarinya na ɗauka daɗin tatsuniyar shi ne ranar da ganuwa ta zo. Yanzu na gane cewa matar ba don jiran ganuwa ta zauna ba, ruwa take ba mutane. Masu tsaron kundin suna da gaskiyarsu, na ga irin ƙaryar da ake ƙoƙarin cusa musu, har daga ajinmu. Amma dokarsu ta ce sai wanda aka rubuta, mu kuwa iyayenmu ba a rubuta su ba, a baki suke. Ba zan yarda rashin takarda ya zama rashin mutum ba, kuma ba zan rage Iya don ta yi daidai da ƙofar kowa ba.

Yanzu ni ke koyar da wannan kwas. Ina ba da aikin kundin, ina koya musu dokokinsa tun daga farko, amma makina ba ya hannun mai gogewa. Kwanan baya wani ɗalibina, Auwalu, ya zo ofishina fuska a murtuke. Ya rubuta kakansa mai haƙar rijiya, an goge. Ya ce, "Malama, in sauya batu?"

Na ce, "Kakan naka yana da rai?"

Ya ce, "Yana nan a Mashi. Ya tsufa dai."

Na ce, "To me kake yi a ofishina? Cika wayarka da caji, ka nemi mota tun rana ba ta yi ba."