Lambar da Aka Ciro Daga Hula

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ban ga alamar zai kwashe ranar da aka karanta ƙuri'ar rijiyoyi a Gumel ba.

Bayan farin nan na shekarun saba'in ne. Ina aiki a birni, a ofishi mai kwamfuta irin ta da, wadda ake ba ta umarni da katunan da aka huhhuda. Aka ce za a haƙa rijiyoyi kaɗan a ƙauyukan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma na'ura ce za ta yi ƙuri'a. Ni aka ɗora wa rubuta bayanin yadda take zaɓe, ga shi ƙauyenmu na Gagarawa yana cikin masu nema.

Abokin aikina, sarkin gajeren zance, ya ce, "Rubuta babu hannun mutum, shi ke nan."

Raina bai kwanta ba, don ba haka abin yake ba. Na yi ta gogewa ina sakewa, har na tsaya a kan wannan: "Na'urar ba ta zaɓe da kanta, sai an ba ta lambar farawa. In aka sake ba ta lambar, sunayen nan dai za ta sake fitarwa."

Da aka karanta wa dagatai, wani dattijo daga Sule Tankarkar ya gyara zama.

"Ɗana, to wa zai ba ta lambar?"

Sai dattijon ya cire hularsa, aka zuba lambobi a ciki, ya kau da kai ya ciro ɗaya a gaban kowa.

Ranar da sakamako ya zo, sai ga ƙauyenmu a sama. Mahaifina yana wurin, kansa a sunkuye, ana ta ƙus-ƙus wai ɗansa ya yi aikinsa. Dattijon nan ƙauyensa bai fito ba, amma ya miƙe.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Hular tawa ce, hannun nawa ne. Mai shakka, a mayar da lambar a gani."

Mahaifina ya ɗago kai. Aka mayar da lambar birni da shaidu, sunayen ba su canza ba.

Tun daga nan, in zan yi bayanin na'ura, inda hannun mutum yake nake fara nunawa. Jimlar da na ƙi gajartawa ita ta wanke sunan mahaifina.