Ƙyauren Jirgi

A duk Tajaye ba wanda ke da ƙyaure irin na ɗakina. Maigidana ne ya zo da shi daga Kwatano, inda yake cin rani a wani jirgin ruwa irin mai tafiya da iska. Da aka sake wa ɗakin jirgin ƙofa, sai ya roƙi tsohuwar, ya ɗauko ta a mota har Ƙonni, daga nan jaki ya ƙarasa da ita. Ɗan ƙaramin ƙyaure ne, sai an duƙa, amma ƙarafan da ke riƙe da shi da sakatarsa duk rawaya ne, suna walƙiya. Maigida ya ce tagulla ce, mutanen gari suka ce ɓoyewa yake yi, zinariya ce. Ni kaina, wallahi, na fi yarda da mutanen gari.

Shekarar da fari ya yi tsanani maigida ya koma Kwatano, damina ta zo ta wuce bai dawo ba. Ƙarafan suka cinye, ƙyauren ya sunkuya yana sharar ƙasa, sakata ta daina shiga raminta. Da turmi nake tokare shi. Maƙeri ya ce in kawo ya duba, na ce a'a, ba na ba kura ajiyar nama.

Wata rana da hantsi surukina ya shigo da wani baƙo, dogo, ramamme. Surukin ya ce tare suke aiki da ɗansa, maigidana, a jirgi, zai gyara mani ƙofa. Na tambayi labarin maigida, baƙon ya ce a bari ya gama aiki tukuna. Daga nan na sa mishi ido. Mutum ya taso tun daga bakin teku don ƙyauren matar wani? Ai ko jaki ya san da magana. Na jawo tabarma na zauna daf da shi ina tsintar hatsi ta ƙarya, ina lura da kowace ƙusa da ya kwance, kada ɗaya ta faɗa aljihunsa.

Abin da ya ƙara damuna, ya san ƙyauren. Bai ja shi ba yadda baƙi ke yi, sai ya ɗaga shi kaɗan da gwiwa sannan ya tura. Ya yanko fata ya saka inda ƙarfe ya ci ƙarfe, ya toshe tsofaffin ramukan da tsinken itace. Ko sau ɗaya bai dube ni ba. Surukina kuwa, mai surutu kamar kanari, yana tsugune a gindin zana ya yi tsit. Na ce a raina sun haɗa baki za su sayar da ƙyauren.

Da ya zo ɗaure sakata sai ya sa hannu a jaka ya fiddo abin murɗa ƙusa. Ƙotarsa a naɗe take da jar fata, kuma ni na naɗe ta da hannuna. Maigida ko ƙanensa ba ya ba aronsa.

Na ce, "Malam, ina ka samo wanga?"

Ya ɗaure ƙusar ƙarshe, ya gwada sakatar ta shiga, sannan ya ajiye shi a gabana.

"Mai shi ya ce kada a hwaɗa miki sai ƙoharki tana rufuwa."

Na shiga ɗaki na tura ƙyauren. Ya rufu ruf, ko ƙara bai yi ba. A bayansa na yi takabata.