Ranar da Muka Yi wa Zauren Kakanmu Kwalliya

Ko da zan manta da komai a duniya, ban da shekarar da muka kusa kashe zauren gidanmu da kwalliya. Har yau in na tuna sai na yi dariya har da hawaye.

Zauren na ƙasa ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Gagarawa. Kakan babanmu ne ya gina shi, nan fatake masu zuwa kasuwar Maigatari suke yada zango. Damina ta cinye gindinsa, har baffanninmu suka yanke shawarar rushe shi su yi shaguna. Kakarmu kuwa ta ce sai dai a rushe da ita a ciki.

Ana wannan ja-in-ja sai ga labari: gwamnatin jiha za ta turo masu duba tsofaffin gine-gine, wanda suka zaɓa a gyara shi a adana. Wayyo daɗi! Masu cewa a rushe, su suka fi kowa rawar kai. To kun san halinmu, baƙo ba ya tarar da gida a hargitse. Babban baffanmu ya ce, "Mutanen gwamnati su zo su ga wannan tsagaggen bango? Ai sai a yi da mu har Dutse!" Aka shafe waje kaf da siminti, aka bi shi da shuɗin fenti. Mu mata muna jido ruwa muna waƙa, ni har rawa na taka da tulu a ka. Lokaci bai kai a yi cikin ba, sai aka garƙame ƙofar da kwaɗo don rufin asiri.

Ranar zuwansu wata mata ce shugabar tawagar. Ta sauko daga mota, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Baba, ina tsohon ginin?"

Baffa ya gyara hula ya ce, "Ga shi gabanki, Hajiya! Wa zai ce ya ga jiya?"

Baiwar Allah ta ɗora hannu a ka tana salati. "Haba Baba! Mu fa tsufan muka zo nema."

Har ta nufi mota sai ga kakarmu ta fito da taɓarya, tsohuwar da kullum kukan ƙafa take yi. Duka ɗaya ta yi wa kwaɗon ya faɗi. Ta kamo hannun matar ta ce, "Zo nan, 'yar nan, ki ga inda ba su kai ga ɓatawa ba."

Jemagu suka watso waje, Baffa ya sunkuyar da kai don kunya. Ita kuwa matar ta ɗaga kai ta ga azara baƙa ƙirin da hayaƙin shekaru, ga zanen magina na dā a bango raɗau. Sai ta hau ɗaukar hoto tana cewa, "Masha Allah! Kada wanda ya ƙara taɓa ko'ina!" Kakarmu ta rangaɗa guɗa, mu ma muka amsa.

An zaɓi zauren. Aikin farko da magina suka ba mazan gidanmu shi ne kankare simintin da suka shafa. Kakarmu ta kafa kujera a inuwa tana ce wa Baffa, "A hankali dai, injiniya."

Tun daga ranar na daina gaggawar rufe abin da na gada don kunyar baƙo. Sau da yawa abin da kake ɓoyewa, shi aka taso daga nesa a gani.