Injin huɗar Malam Buba da rubutun Japan

Jama'a, yau na rubuta Japananci a Tudun Wada! Ni ɗin nan da kuke yi wa gorin ban wuce firamare ba.

Ina zaune a shagona na buga takardu sai ga Malam Buba daga Burumburum da injin huɗa a bayan akori-kura. Na hannu ne, daga Japan. Ya ƙi tashi, ga ruwa ya sauka, ko kunya ɗaya bai yi a gonarsa ba. Bakaniken da ya biyo shi ya dage sai an farke injin.

Akwai wani jan rubutu kusa da giya. Sun haska da kyamarar waya don ta fassara, ta kasa karantawa, baƙin mai ya ɓata shi.

Malam Buba ya ce, "Sale, kwamfutarka tana jin yarensu?"

Na ce, "Baba, Hausa ma da ƙyar take ji."

Na dai shiga wajen saita harshe, na ƙara Japananci. Sai ga wani ɗan fili ya buɗe, wai a zana harafi da hannu. Kwafar rubutu? Ni da na yi makarantar allo! Na zana su ɗaya bayan ɗaya, na danna fassara.

Wai injin ba ya tashi sai giya tana firi. Shi ke nan fa!

Bakanike ya ce, "Ai dama na yi zargin haka."

Malam Buba ya gyara giya, ya ja igiya sau ɗaya. Sai ƙara, sai hayaƙi!

Ya kalli bakaniken ya ce, "Ɗana, tattara sufanunka, ni gona zan tafi."