Koriyar Motar Wenzu

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Footscray ya san Wenzu Farrugia. In ma bai san shi ba, to ya san motarsa, wata koriya mai faɗi kamar kwalekwale da ke fake a ƙofar gidansa. Wenzu ya zo daga Malta yana saurayi, da jaka ɗaya da baki ɗaya, kuma bakin nan har yau bai huta ba. Ya yi aiki a mayanka, ya yi a masana'antar igiya, ya auri Karmena, ya sayi mota. In ka tambaye shi wacce ya fi wahalar samu, sai ya waiga ya ga ko Karmena na kusa kafin ya ba ka amsa.

Da ya ajiye aiki sai ya faɗa wa tumatir. Ya shuka a bayan gida, ya shuka a gaba, ya shuka a tsohon bahon wanka. Da wuri ya ƙare, ya ɗauko guduma ya farfashe sumuntin hanyar shigar mota ya shuka a nan ma. Mota ta koma kwana a titi. Lokacin kuwa titin namu wayam yake, ko jirgin ruwa ka kawo akwai inda za ka ajiye.

Bara ne Wenzu ya fito da fuskar makoki ya sanar da layi cewa inji ya buga, mota ta mutu. Aka ce a kira makanike, ya ce makanikan yanzu yara ne, ba wanda zai taɓa masa ita. Shi ke nan mota ta zama zaure. Kullum da hantsi sai ya shige gaba, abokansa biyu su shige baya: Manoli, Bagirike mai ciwon gwiwa, da Tesfaye, mutumin Habasha mai ciwon baya. Su kunna rediyo suna jin tseren dawaki, su buga karta, su ci pastizzi, wannan gashin fulawa mai cuku a ciki, har ɓurɓushi ya cika kujeru.

Ana nan sai aka gina dogon bene a bakin layi, irin wanda in ka ɗaga kai ka ga ƙarshensa hularka ta faɗi. Mutane suka cika shi, motocinsu suka cika titi. Hukumar gari ta zo ta kafa allo: fakin awa biyu, ba ƙari. Masu gidajen da ba su da wurin ajiye mota an ba su takardar izini. Wenzu ya sa rigar zuwa coci ya je karɓar tasa.

"Baba, ai kai kana da wurin fakin," in ji ma'aikacin.

"Ina yake?"

"Ƙarƙashin tumatir."

To daga ranar aka shiga turi. Awa biyu na cika sai Wenzu ya riƙe sitiyari, Manoli da Tesfaye su fita su dafa bayan mota, a tura ta ta wuce allo, a sha kwana, in an jima a turo ta ta dawo.

"Ku tura mana! Ko kaza ta fi ku ƙarfi!"

"Kai ɗan Malta, sauko ka tura in kama sitiyarin!"

"Kai Manoli? Kai da ko keken kasuwa ka tura sai ka buge mutum?"

Tesfaye dai ba ya cewa komai sai "Wayyo bayana," yana yi yana kiran sunayen waliyyai.

Mutanen bene suka gano lokacin. Sai ka ga sun jeru a baranda da kofin shayi suna tafi, wasu har da fito. Wenzu ya zuro hannu ta taga yana dunƙula musu. "Ku kuka jawo, 'yan sama! Masu shanya wando a kan gajimare!"

Amma tsofaffi tsofaffi ne. Wani lokaci karta ta yi daɗi, wani lokaci barci ya kwashe su su uku, baki buɗe. Mai duba fakin, wata doguwa da ke zaga wa tayoyi alli, ta manna takardar tara har ta gaji. Rannan ta sunkuyo ta taga ta ce, "Baba, na rantse ina jin kunyarka. Amma in na sake samun allina bai motsa ba, janwe zan kira ya ja ta." Wenzu bai ci pastizzi ba ranar. In aka ja motar nan, ina za su zauna? Karmena ta riga ta ce karta ba za ta shigo mata falo ba.

Cikin haka aka ce za a gina bene na biyu, hukuma ta kira taron jin ra'ayi ranar Asabar da rana. Wenzu ya ce yau ake yin ta. Ya shirya hujja: zai kai tumatir ɗin da inuwar bene ta tsumburar, kowa ya gani da idonsa. Ya shiga lambu ya tsinko wani ɗan ƙanƙani mai yamutsattsen jiki. Ya dube shi, ya sake dubawa. A ce a gaban jama'a wannan ne tumatir ɗin Wenzu Farrugia? Ina! Ya jefar, ya tsinko wanda ya fi kowanne girma. Suka tura mota, mai alli ta zo ta yi zanenta, suka wuce zauren taro.

Taro ya yi taro. Mai ginin ya ce mutanen sabon bene ba za su buƙaci mota ba, ga tashar jirgi nan kusa, aka kwashe da dariya. Mai shagon miyar taliya ta ce a gina goma ma, ita ciniki take so. Wata yarinya ta ce su matasa a ina ake so su zauna, a kan bishiya? Wani ya ce a haƙa rami a zuba motocin duka. Sai aka kira Wenzu. Ya miƙe, ya ɗaga tumatir sama kamar kofin gasa.

"Ku dubi abin da inuwar benenku ta yi mini!"

Tumatir ja wur, ya cika tafin hannu yana sheƙi.

"Baba," in ji shugabar taro, "in haka inuwa ke yi, don Allah a gina ɗaya a bayan gidana."

Dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya tambayi irin takin da yake sawa, Wenzu kuwa ya manta da bene ya shiga bayanin kashin kaji. Yana cikin yi Tesfaye ya ja masa riga ya nuna agogon bango.

Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Manoli na jan ƙafa, Tesfaye ya dafe ƙugu, Wenzu a gaba da tumatir a hannu. Suna shan kwanar layi suka hango janwe ya tsaya yana walƙiya da fitila. Wurin koriyar mota kuwa babu komai.

Sai ga ƙara daga bayansu, wata ƙara mai kauri da Wenzu ya sani kamar tarin matarsa. Koriyar mota ce tafe da ƙafarta, tana sheƙi, tana ɗan hayaƙi. A sitiyari Sushila ce, wata 'yar Nepal mai karatun jinya da ke zaune a benen. A gefenta Karmena ta kame tana ɗaga wa baranda hannu kamar amarya.

"Kaka Karmena ce ta tare ni ta ba ni makulli," in ji Sushila. "Na ce ai mu biyu ba za mu iya turawa ba, ta ce in murɗa kawai. Bugu ɗaya ta tashi, Baba!"

Manoli ya juyo a hankali. "Bugu ɗaya?"

"Bayana," in ji Tesfaye. "Wenzu, bayana!"

Wenzu ya dubi ƙasa, ya dubi tumatir. "Ba injin ba ne," ya ce da ƙaramar murya. "Idona ne. Likita ya ce in daina tuƙi. Ni kuma in ce wa layi Wenzu ya tsufa?"

"To wa ka ɓoye wa?" in ji Karmena. "Mutumin da ke gaida akwatin wasiƙa da safe?"

Manoli ya buɗe baki zai yi zagi, dariya ta riga shi fitowa. "La'ananne! Shi ya sa kullum nake cinye ka a karta! Ni ina ta cewa na ƙware!"

Direban janwe ya ga ba abin ja, ya karɓi tumatir ɗin ya tafi.

Hukuncin da abokai suka yanke shi ne Wenzu ya koma kujerar baya, tsakiya, inda ƙarfe ke tokarin mutum. Yanzu 'yan bene ke saukowa bi da bi suna zagaya da motar, a sallame su da tumatir. Ran Lahadi kuma Sushila ta kwashe su duka zuwa bakin teku a Williamstown, Wenzu na baya yana koya mata tuƙi a kan hanyar da ba ya gani.

Maganar bene na biyu har yanzu ana ta ja. Wenzu na nan kan bakansa, ba ya so, kuma duk taro yana layin gaba. Sai dai a na ƙarshe da aka ba shi dama, ya miƙe ya gyara wuyan riga ya ce tambaya ɗaya gare shi: su waɗanda za a zuba a sabon benen, akwai masu iya mota mai giya a cikinsu?